Ranar da Na Mayar wa Zakariyya Tayoyinsa

"Ba za a ɗaura su ba, Umma."

Umma ta tsaya cak da ludayi a hannu, miyar kuɓewa tana ɗiga a siminti. "Me kika ce?"

"Na ce ba za a ɗaura wa motar Abba waɗannan tayoyin ba. Ko mai faci ya zo, makulli yana hannuna, kuma ba zan bayar ba."

Ga su nan a tsakar gida, guda huɗu, an jingine su da tankin ruwa. Kowace an naɗe ta da leda an ɗaura mata jan ƙyalle kamar amarya. A gefe ga goro da katan ɗin alawa. Ƙarfen tsakiyarsu, wanda ake kira rim, sai ƙyalli yake yi, har zakaranmu ya wuni yana faɗa da hoton kansa a ciki. Robar kuwa, jama'a, sai ka rantse kwalli aka zizara wa rim ɗin don tsabar sirantaka.

Masu karatu, kafin ku ce yarinyar nan ba ta da kunya, bari in gaya muku yadda aka yi.

Sunana A'isha, amma duk Gyadi-Gyadi Indo aka sani. 'Yan layinmu kuma Injiniya suke ce mini, rabi girmamawa rabi tsokana, saboda kanikancin injuna na karanta a jami'a. Mahaifina Alhaji Lawan, mai atamfa a Kwari, shi Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsa na ci. Yana da baƙar Lexus da ya saya lokacin da kasuwa ke dariya, kujerunta na fata masu launin madara. Bara aka yi masa aiki a ƙashin baya. Tun daga nan ya ajiye tuƙi, ni nake kai shi asibiti gashin ƙashi. Likita ya ja kunnenmu: ban da jijjiga, ban da gargada.

To, tayoyin motar sun suɗe. Da an hau kwalta sai su kama kuka, wuuu, kamar injin markaɗen Talatu ta bayan gidanmu. A cikin motar sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Ni hakan ya ɗan yi mini rana, don ina da ƙunƙuni. Na zagi ɗan adaidaita, na mayar wa Umma magana ƙasa-ƙasa, babu mai ji. Amma duk ramin da muka faɗa, ina ganin fuskar Abba ta madubi. Yakan rintse ido ya cije leɓe. Da ya ga ina kallonsa sai ya wayance da jan carbi.

Na daɗe ina bincike a kan irin tayar da za ta ɗauke masa wannan azaba. Kuskuren da na yi ɗaya ne: na yi zancen a gaban Zakariyya.

Zakariyya shi ne wanda zan aura, kuma ni na zaɓe shi da idona biyu, ba wanda ya tura ni. Dogo ne, ga iya ɗaukar shadda, ga turaren da ke riga shi sallama. Wayoyi yake sayarwa a Farm Centre. Matsalar ke nan. A sana'arsa, duk abin da ya fi siranta kuma ya fi ƙyalli shi ya fi daraja. Sai ya ɗauka haka dokar take har a ƙafar mota.

"Ke da wa za ki yi wannan taurin kan?" Umma ta ajiye ludayin ta matso. "Wannan fa gaisuwar uba ce. Hajiya Binta, uwar yaron, da ƙafarta ta bi shi shago ta nuna waɗanda take so. Asabar mai zuwa za su kawo lefe. A garin nan wa kika taɓa ji ya mayar da gaisuwar suruki?"

"Umma, bayan Abba..."

"Idan suruki ya kawo maka takalmi ya matse ka, sawa kake yi, kana ɗingishi kana godiya. Haka muka taso muka gani."

"Shi ya sa duk tsofaffin unguwar nan suke ɗingishi," na faɗa ƙasa-ƙasa.

"Me kika ce?"

"Cewa na yi bari in duba Abba."

Na same shi a ɗakinsa kwance a katifar ƙasa, an tokare masa gwiwa da filo, rediyo tana magana a gefen kunnensa. Na durƙusa na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi murmushin nan nasa na mai son a zauna lafiya.

"Uwata, a ɗaura mana. Yaron nan ya yi ƙoƙari. Baya ai ya saba."

Ya yunƙura zai juya ya ɗauki carbinsa. Sai na ji wani ɗan sauti ya kuɓuce masa daga maƙogwaro, irin wanda babba ba ya so ɗansa ya ji. Ya yi maza ya rufe da tari. Na miƙa masa carbin na fito. A bakin ƙofar nan na gama yanke hukuncina.

Wayata ta yi ƙara. Zakariyya ne.

*Ranki ya daɗe, kin ga saƙo? Yaya kika ga ƙafafun?*

*Na gani. Allah ya saka da alheri. Ka zo da la'asar, akwai magana.*

*Maganar godiya ce? Ki tanadi zoɓo mai sanyi.*

Ya zo cikin shadda ruwan toka, hula zanna a karkace, da wani takalmin fata mai tafin da bai fi kaurin fatar albasa ba. Ni kuma na sa doguwar riga baƙa da mayafi ruwan goro, na ɗaure fuska irin ta ranar jarrabawa. Muka zauna a kujerun roba a ƙofar gida, kusa da tulin tsakuwar da maƙwabcinmu ya zube zai yi gini.

"Zakariyya, don Allah tashi ka taka tsakuwar can."

"Tsakuwa kuma?"

"Taka dai."

Ya tashi yana dariya ya hau. Taku biyu ya yi ya fara tafiya kamar kazar da ta taka wuta. "Kai! Wannan ai mugunta ce."

"To ka ji abin da mota za ta ji. Robar da ke tsakanin rim da ƙasa ita ce katifar mota. Idan tana da tsayi da taushi, ita take shanye rami kafin ya iso kujera. Naka ba su da komai. Duk ramin da ke tsakanin nan da asibiti, kai tsaye zai wuce ƙashin bayan Abba. Ga su da faɗi, ga tauri, ƙara za su yi. Kuma rami ɗaya mai kyau ya isa ya lanƙwasa wannan rim ɗin naka mai kama da farantin biki."

"Farantin biki?" Ya dafe ƙirji. "Indo, kin san motocin da ake sa wa irin waɗannan? Duk wanda ya ga Abba a kansu sai ya gyara tsayuwa."

"Shi kuma Abba ya kasa tsayuwar."

Ya zauna, ya cire hula ya shafa kai. Muryarsa ta sauka. "Ki fahimce ni. Hajiya ta riga ta gaya wa ƙawayenta. Ta ce ranar kawo lefe za su ga motar a ƙofar gida da ƙafafun da ɗanta ya saya. Ki bari a ɗaura, a yi biki, a watse. Bayan nan ko tayar amalanke kika ga dama ki sa."

Wallahi na so in ce to. Idanun nan nasa idan ya marairaice, ko mai karɓar haraji sai ya yafe masa. Amma bikinmu sai bayan Babbar Sallah, kuma duk mako sai na kai Abba gashi na dawo da shi. Na tuna sautin nan da ya rufe da tari.

"Ka mayar da su shagon, a canza mana da masu kauri. Kyautarka tana nan, sunanka yana nan."

"Hajiya ce ta zaɓa. In canza zaɓin Hajiya?" Ya miƙe ya mayar da hula. "A'isha, a matsayina na mijin da za ki aura, na ce a ɗaura."

"Malam Zakariyya, ka bari a shafa fatiha tukuna kafin ka fara ba da oda."

Ya tafi bai sha zoɓon ba. Ni na shanye, har da nasa.

Washegari da safe na ɗauki kuɗin adashena, waɗanda na tara don sayen labule da kafet na ɗakin aure, na ja motar tana kukanta har Tarauni, shagon Tunde mai taya. Bayarabe ne haifaffen Kano, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya leƙa bayana yana neman wani.

"Hajiya, ina maigidan?"

"Ga ta a gabanka."

"To fa! Allah ya ba mu haƙuri." Ya gungaro mini wata taya mai manyan haƙora kamar na kada. "Wannan ko dutsen Dala kika hau ba ruwanta."

"Ba Dala zan hau ba, asibiti zan je. Wannan waƙa za ta dinga yi mini a kwalta. Mai ƙananan zane nake so, masu bin juna kusa-kusa, roba mai taushi, gefe mai tsayi."

Na buɗe ƙofar direba na nuna masa 'yar takardar da kamfani ya liƙa a jikin ƙarfen, inda aka rubuta girman tayar da motar take so da yawan iskar da za a ba ta. Ya kalle ni, ya kalli takardar, ya shiga can ƙuryar shago ya fito da wasu. Ba su da wani kyan gani. Baƙaƙe ne masu kumatu, kamar ni idan na yi fushi. Na tsuguna da mayafina da komai, na duba shekarar da aka ƙera su, don taya ko ba a taɓa hawanta ba tana tsufa a ajiye ta bushe. Na danna farcena a robar na ji ta karɓa. Na zagaya kowace ina neman tsagewa ko faci.

"Ko surukata ba ta duba ni haka ba," in ji Tunde.

Aka ɗaura su a kan rim ɗin motar na asali, aka daidaita su a inji don kada sitiyari ya yi rawa. Da aka zo ba da iska, mai facin ya so ya ɗura musu har sai sun yi tauri, wai haka manya suke so. Na tsaya a kansa da gejin auna iska sai da ya sauke zuwa abin da takarda ta ce.

Saura tayoyin Zakariyya. Na kira Garba, mai adaidaitan da ya kawo su, muka loda su ta ƙofar baya Umma tana wanka.

"Malam Garba, shagonsa na Farm Centre za ka kai. Hannu da hannu. Kada kowa ya gani, kada kowa ya ji."

"An gama, Injiniya. Ni ai kabari ne wajen sirri."

Na yarda da shi. Ku rubuta wannan a cikin laifuffukana.

Bayan azahar muka fito tafiya gashi. Na kawo motar daidai bakin ƙofa yadda Abba ba zai yi doguwar tafiya ba. Ya shiga baya da dabara, idonsa a kan inda zai sa ƙafa, bai ko kalli ƙasa ba. Umma ta zauna kusa da shi cikin leshi ruwan hoda, fuska a murtuke, don ta leƙa wajen tanki ta ga wayam.

Na tayar. Muka bar layinmu muka hau titi.

Jama'a, shiru. Shiru irin na masallaci bayan an watse. Ina jin numfashin na'urar sanyaya mota. Ina jin 'ya'yan carbin Abba suna taɓa juna, ƙas, ƙas. Muka zo ramin nan na kusa da mai tsire, wanda na sani kamar sunana. Na rage gudu na riƙe numfashi. Motar ta ɗan yi luf, ta wuce, kamar an taka filo. Na kalli madubi. Abba bai rintse ido ba. Kafin mu kai shataletale carbin ya tsaya. Kansa ya kwanta a jikin kujera, bakinsa ya ɗan buɗe. Barci! Mutumin da tun da aka yi masa aiki bai taɓa shiga mota ba sai da salati a bakinsa.

Hawaye ya cika mini ido. Da danja ta tsayar da mu na juya na ɗauke shi hoto.

A nan wayar Umma ta yi ƙara. Ta duba, ta gyara ɗaurin ɗankwali kamar mai kiran tana ganinta, ta kara a kunne. "Salamu alaikum, Hajiya Binta, ina wuni?"

Da a tsofaffin tayoyi ne, ko Umma sai ta toshe ɗaya kunnen kafin ta ji. Yau kuwa, ba a buɗe lasifika ba, amma kowace kalma ta iso mini a kujerar direba tas.

"Babu wuni, Hajiya Fatima! Mu za ku wulaƙanta? Gidana cike da mata, dangin ubansa sun zo ganin lefe tun daga Daurawa har Babban Giji, an baje akwatuna a tsakar gida, sai ga wani ɗan adaidaita ya rangaɗa sallama, wai ya je shago ya tarar a rufe, shi ne ya ce bari ya kawo gida kada a ce ya ci amana!"

Na ce a raina, Garba, Allah ya isa tsakanina da kabarinka.

"Ɗaya bayan ɗaya ya dinga gungaro su ta soro, da jan ƙyallensu da komai! Ta ƙarshen ta ƙwace masa, ta bi ta kan atamfofi, ta ture kwallar dubulan, ta je ta kwanta a gaban yayar mijina! Matar da tun farko ta ce kada mu ɗauko 'yar boko! Yanzu kowa cewa yake an dawo mana da kaya, an fasa!"

"Hajiya, don girman Allah, ba fasawa aka yi ba, yarinta ce..."

"To ki ji sharaɗina. A zo a ɗauke su, a ɗaura su a motar, Alhaji ya shiga ciki a zo har ƙofar gidana a yi hon, duk wadda ta ga shigowarsu ta ga fitarsu. In ba haka ba, akwati ko ɗaya ba zai taka Gyadi-Gyadi ba."

Na riga na gaya muku ina da ƙunƙuni. Shekara guda ina yinsa a motar nan lafiya lau, tayoyi suna rufa mini asiri. Bakina bai san an yi canji ba.

"Tunda ƙyalli take so, ta jera su a kabet ɗinta mana, kusa da kwanukan tangaran."

A hankali na faɗa. Wallahi a hankali. Amma a cikin wannan shirun, sai maganar ta fito kamar sanarwar masallaci.

Wayar ta yi tsit. Umma ta zaro ido ta dafe baki.

"Na ji ki, Injiniya," in ji muryar Hajiya Binta, a sanyaye. "Kabet ɗin nawa yana da faɗi. Har lefen zai ɗauka."

Ƙit, ta kashe.

Ba wanda ya sake magana. Wannan karon na so a ce akwai injin markaɗen. Umma ta dinga kallon ƙeyata ta yadda har na ji wurin yana zafi. Muka shiga asibiti na tsaya a inuwa. Na zagaya na buɗe wa Abba ƙofa na taɓa kafaɗarsa.

Ya buɗe ido yana waige-waige. "Har yanzu ba mu tashi ba?"

"Mun iso, Abba."

"Mun iso?" Ya taɓa bayansa, ya ɗan motsa hagu da dama, yana jiran zafin da bai zo ba. Sai fuskarsa ta washe. "Ikon Allah. Uwata, kin ga abin da nake gaya miki? Tayoyin yaron nan akwai daɗi. Allah ya yi wa Zakariyya albarka."

"Amin," in ji Umma, tana kallona. "Injiniya, ba ki ce amin ba."

"Amin," na ce.

Da muka koma gida na durƙusa na gaya masa gaskiya. Ya ce zai iya jure zuwa gidan Hajiya Binta a Tarauni sau ɗaya a kan waɗancan, don a rufe bakin mutane. Na ce masa idan aka ɗaura su sau ɗaya, cire su zai zama sabon laifi, kuma makulli yana hannuna. Ya ce, "Halin mai sunanki kika ɗauko, ita ma ba a juya ta." Bai ce na kyauta ba. Amma bai ce in kawo makullin ba.

Da yamma saƙon Zakariyya ya shigo.

*Kabet, Indo? Kabet?*

*Wannan kam na yi laifi. Zan zo har gida in durƙusa in ba Hajiya haƙuri.*

*Ta ce kada ki zo da ƙafa. Ki zo a kan tayoyin.*

Na tura masa hoton Abba yana barci a bayan mota, baki a buɗe, carbi a cinya. Ya buɗe, na ga alamar ya gani. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Har yau rubutun bai iso ba.

Asabar ta zo. Umma ta riga ta soya cincin da kaji na tarbar 'yan kawo lefe, ta ce ko za su huce. Muka share gida, muka shimfiɗa darduma, na sha lalle har gwiwar hannu. La'asar ta yi, magariba ta yi. Babu wanda ya yi sallama sai Talatu mai markaɗe, da ta zo tambaya ko an ɗaga ne. Mu muka cinye kajin. Cincin ɗin har yanzu da shi muke shan shayi, kuma duk wanda Umma ta tauna sai ta kalle ni.

Yau da safe na buɗe ƙofa zan fito da mota, sai ga tayoyin Zakariyya a jingine da bangonmu. Guda huɗu, suna ƙyalli. An cire ledar, an cire jan ƙyallen, ba goro, ba saƙo. 'Yan layi sun tsaya suna kallo, zakaranmu ya riga ya koma bakin faɗansa.

Na kewaye su na wuce, na kawo wa Abba mota bakin ƙofa.

Ga abin da taurin kaina ya ja mini, ba ragi: lefena yana kulle a Tarauni, ranar aurena ta zama sai yadda hali ya yi, kuɗin labulena suna ƙarƙashin mota suna taka kwalta, Umma ba ta amsa gaisuwata sai da ka, mutumin da nake so kuma ya daina kirana. Abba kuwa, kafin mu kai wurin mai tsire ya yi barci. A cikin wannan shirun da na saya da aurena, minsharinsa kaɗai nake ji.